Lambun Bayan Ɗaki a Watannin Bazara

Idan sanyin hunturu ya janye, wajen ƙarshen Fabrairu zuwa farkon Maris, kowa ya san abin da ke tafe. Rana za ta buɗe, rijiyoyi su ja baya, kuma sai an yi wata biyu ko uku ana fama kafin a ga hadarin farko. Daga Sakkwato zuwa Ƙwanni, daga Katsina zuwa Maraɗi, daga Daura zuwa Damagaram, zafi yakan haura digiri 40 a ranaku da yawa na Afrilu da Mayu. Ku da kuke wuni a rumfunan kasuwa kun fi kowa sanin yadda bazara take bayyana a kan tebur. Kwandon tumatir da ake roƙon mai saye a watan Janairu ya koma abin da ake tayawa da fargaba. Latas da karas da kabeji, wanda mutanen Nijar suka fi sani da shu, sun fara ɗaukewa. Ganyen da ya iso daga fadama da safe kuwa, kafin azahar ya yi yaushi. Masu noman rani sun kwashe amfaninsu, hankalinsu ya koma ga sharar gonakin damina. Sai tukunyar gida ta dogara ga kuka da busasshiyar kuɓewa, yau da gobe da jibi.

Kuka abinci ce mai daraja, ba mai raina ta. Amma jikin yaro mai tasowa, da na mace mai ciki ko mai shayarwa, suna bukatar fiye da ita. Ɗanyen ganye mai duhun kore da kabewa mai jan ciki su ne babbar hanyar da mai ƙaramin ƙarfi ke samun bitamin A, wanda ke kare ido, yake kuma taimakon jiki wajen jure cuta. Rashinsa ne ke kawo dundumi, wato yaro ko mai ciki su kasa gani da zarar magariba ta yi. A cikin ganyen kuma akwai sinadarin ƙarfe da folik asid, waɗanda jiki ke gina jini da su. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar babban mutum ya ci aƙalla giram 400 na kayan lambu da 'ya'yan itace a kowace rana, kuma gidaje kaɗan ne ke kusantar haka a bazara. Abin da ya fi damun ma'aikatan lafiya shi ne abin da ke biyo baya. Damina ita ce lokacin da rumbu ke yin ƙasa, zazzaɓin cizon sauro da gudawa kuma suke yawaita. Yaron da ya shiga watan Yuli da ƙarancin jini, shi ne wanda zazzaɓi guda ke iya kayarwa.

Lambun da wannan darasi yake magana a kansa fili ne kamar shimfiɗar tabarma ɗaya ko biyu a bayan ɗaki, ko buhuna huɗu a jikin katanga. Ba zai ba ku abin kai wa kasuwa ba. Zai ba ku damin ganye mai cika hannu sau uku ko huɗu a mako, a daidai watannin da ganyen ya fi tsada. Ba ya jiran mota, ba ruwansa da shingen kan hanya. Waɗanda suka ga yadda kaya suka riƙa lalacewa a bakin iyaka lokacin da aka rufe ta a 2019, da kuma a 2023, ba sa bukatar a yi musu dogon bayani a kan darajar abin da ke tsirowa a cikin gida.

Abin da bazara ke yarda da shi

Mafi yawan masu fara lambu da tumatir suke farawa, domin shi ne ya fi ƙona aljihu. Wannan ne kuma yake sa mafi yawansu su daina. Tumatir ɗan sanyi ne. Idan zafin rana ya wuce digiri 35, dare kuma bai huce ba, furensa yakan bushe ya zube ba tare da ya ƙulla 'ya'ya ba. Za ku yi wata biyu kuna zuba masa ruwa, ya yi ganye shar, amma ba za ku tsinki ko cikin kwano ba. Ga kuma tsutsar nan mai huda ganye da 'ya'ya, wadda ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna da Katsina a 2016 har farashi ya yi tashin da ba a saba gani ba. Zafi shi ne lokacin da ta fi hayayyafa. Ku bar tumatir sai bayan damina, a yi renonsa a Oktoba ko Nuwamba. Haka latas da kabeji da karas.

Alayyafo shi ne sarkin lambun bazara. Yana son rana, yana tsirowa cikin kwana uku zuwa biyar, kuma mako uku zuwa huɗu bayan shuka za ku fara ci. Irinsa ƙanana ne ƙwarai, don haka ku cakuɗa ɗan tsunkule da cikin hannu guda na yashi kafin ku yafa, don kada ya taru wuri ɗaya. Kada ku binne shi da zurfi. Ku yayyafa ƙasa sama-sama, ku rufe da ciyawa har ya fito, sannan ku ɗage ciyawar. Idan ya kai tsawon yatsa, ku rage shi yadda za a sami tazarar tafin hannu tsakanin tushe da tushe, waɗanda kuka cire kuwa su shiga miyar ranar. A nan akwai dabarar da ke raba mai ci sau ɗaya da mai ci sau huɗu: kada ku tuge shi da saiwa kamar yadda ake kawo shi kasuwa. Ku yanke da wuƙa, ku bar kututture mai tsawon tafin hannu da 'yan ganye biyu ko uku, bayan mako biyu zai sake tofowa. Idan kuna shuka sabon layi duk bayan mako biyu, ba za ku yanke da shi ba har ruwa ya sauka.

Rama da yakuwa, wadda a Sakkwato da yammacin Nijar ake kira sure, su ma suna jure zafi, kuma yankansu ake yi su tofo. Lalo yana da taurin kai wajen tsirowa, domin ɓawon irinsa yana da ƙarfi. Ku ƙulle irin a tsumma, ku tsoma a ruwan zafi na 'yan daƙiƙu kaɗan, kamar ƙidayar goma, ku fitar ku shanya a inuwa, sannan ku shuka. Kuɓewa, ko guro, tana son a jiƙa irinta kwana guda. A sa ƙwaya biyu a rami, a bar kamu guda tsakanin ramuka. Wajen mako bakwai ko takwas za ta fara 'ya'ya, kuma sai an riƙa tsinka duk bayan kwana biyu, in ba haka ba ta ƙosa, uwar kuma ta rage haihuwa. Tushe shida sun ishi gida matsakaici. Mutane da yawa ba su san ana cin ganyen dankalin Hausa da ɗanyen ganyen wake ba, alhali duka biyun suna yin miya mai kyau, kuma yaɗon dankali yana rufe ƙasa ya hana ta bushewa.

Zogale, wanda wasu ke kira tamaka, ya cancanci a tsaya a kansa. Manoman kwarin Gulbin Maraɗi sun daɗe suna noma shi kamar yadda ake noma kowane kayan lambu, suna yankan ganye suna cika buhuna, kuma abin da suka gane shi ne ba a barin sa ya zama dogon itace. Ku shuka ƙwaya a zurfin gaɓar yatsa, za ta fito cikin mako ɗaya zuwa biyu. Idan ya kai tsawon ƙugu, ku tsinke kansa don ya yi rassa, ku ci gaba da datse shi kada ya fi ƙarfin hannunku. Wanda aka shuka a Maris zai fara ba da ganye a Mayu ko Yuni, kuma da zarar saiwarsa ta nutse, shi ne zai fi kowa haƙuri da ƙishirwa. Sai dai ku yi hattara da maganganun da ake yi a kansa a tasha da cikin mota, cewa yana maganin cuta kaza da kaza. Zogale abinci ne mai kyau ƙwarai. Bai maye gurbin maganin hawan jini ko na ciwon suga ba. Ganyen ake ci. Saiwa da ɓawon itacen ba na sha ba ne, musamman ga mai ciki.

Game da iri kuwa, ku 'yan kasuwa kun san sirrin: ƙullin da ya yi watanni a kan tebur rana tana dukansa ya riga ya mutu, ko da takardarsa tana ƙyalli. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Ku ɗauki ƙwaya 10, ku naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, ku ajiye a inuwa kusa da randa, kuna yayyafa masa ruwa. Bayan kwana biyar zuwa bakwai ku buɗe. Idan bakwai ko fiye sun tsaga, irin yana da kyau. Idan ƙasa da biyar ne, ku nemi wani, kada ku ɓata ruwanku.

Wuri da ƙasa

Ganye yana bukatar rana, amma ranar safe ta ishe shi. Ranar azahar zuwa la'asar ita ce mai ƙonawa. Ku nemi wurin da katanga ko ɗaki yake yamma da shi, yadda hantsi zai same shi, inuwa kuma ta rufe shi bayan rana ta karkata. In babu irin wannan wuri, ku kafa 'yar rumfa ta karan dawa mai tsawon ƙirji, a jera karan da tazara yadda haske zai riƙa ratsawa. Katangar bulo da daɓen siminti suna riƙe zafi su yi ta huci har dare, saboda haka ku bar tazarar kamu guda tsakanin shuka da bango, buhu kuma a ɗora shi a kan duwatsu. Shinge wajibi ne. A watan da babu kore ko'ina, akuya ɗaya tana gama aikin mako shida kafin ku idar da sallah, kaji kuma su tone abin da ta bari. Darni ko tsohon gidan sauro da aka daina kwana a cikinsa sun wadatar, kuma gidan sauron yana hana ƙadangaru, waɗanda ke cinye tsiro tun yana ganye biyu.

A bazara ba a yin kunya mai tudu. Ana yin kwami, wanda wasu ke kira fangali, wato a sauke tsakiyar wurin ƙasa da gefensa da kamar tsawon yatsa, don ruwa ya tsaya inda aka zuba shi. Faɗinsa kada ya wuce mita ɗaya, yadda hannu zai kai tsakiya ba sai an taka ba. Ku kafce da zurfin kamu guda, ku haɗa kashi biyu na ƙasa da kashi ɗaya na ruɓaɓɓen taki, da ɗan barbaɗin toka. Wanda gidansa daɓe ne ko yake haya, ya cika buhun shinkafa ko na fulawa da wannan haɗin, ya huda ƙasansa don ruwa ya tsiyaye. Buhun da ya taɓa ɗaukar maganin ƙwari ba ya shiga wannan aiki.

Kalmar ruɓaɓɓe tana da nauyi. Ɗanyen kashin dabba, musamman na kaji, yana ƙona saiwa a zafi, yana kuma ɗauke da ƙwayoyin cuta da ƙwan tsutsar ciki, waɗanda ke iya hawa ganyen da ke kusa da ƙasa. Ku yi amfani da wanda ya yi wata uku ko huɗu a tare, ya yi baƙi, ya daina wari, yana marmashewa a hannu. Kashin mutum, da ƙasar kusa da masai, ba su da wuri a lambun gida. Ƙasar juji ma, duk da baƙinta, sai an duba: inda ake zubar da tsofaffin batura da ƙona robobi akwai guba a cikinta. Darasin Zamfara na 2010 bai kamata a manta da shi ba, lokacin da gubar dalma daga niƙan duwatsun zinariya a cikin gidaje ta kashe ɗaruruwan yara a yankunan Anka da Bukkuyum. Duk gidan da aka taɓa niƙa irin waɗannan duwatsu ko fasa batura a cikinsa, kada a shuka abin ci a ƙasarsa.

Ruwa, wanda shi ne dukan maganar

Wanda yake sayen ruwa daga 'yan garuwa zai ce: ina zan sami na ba ganye? Tambayar tana kan hanya, kuma gara a amsa ta da lissafi. A tsakiyar bazara, fili mai faɗin mita ɗaya da tsawon mita ɗaya yana shan kamar lita 6 zuwa 8 a rana. Kwami mai mita biyu zuwa uku ke nan zai sha jarka ɗaya mai lita 20, wadda a Nijar ake kira bido. Saboda haka kada ku fara da babban wuri. Ƙaramin kwamin da ya ƙoshi ya fi babba mai ƙishirwa ba da ganye nesa ba kusa ba.

Yawancin wannan jarka tana cikin gidanku, kuna zubar da ita a rariya kowace rana. Ruwan alwalar mutum biyar sau biyar ba kaɗan ba ne; ku ajiye roba mai faɗi a inda ake alwala. Ruwan wankin shinkafa da wake da kayan miya, da ruwan ɗaurayar ƙarshe ta kwanuka wanda ba maiƙo a cikinsa, da ragowar ruwan randa da ake zubarwa in za a wanke ta, duk na lambu ne. Ruwan wanka mai ɗan sabulu a ba zogale ko gwanda, a gindinsu. Amma akwai ruwan da ba ya kusantar abin ci ko kaɗan: wanda aka wanke kashin yaro ko ƙunzugunsa da shi, wanda aka wanke mara lafiya ko kayansa, ruwan ɗanyen nama, da ruwan kwata. Ruwan wanki mai garin sabulu da sinadarin farar da kaya shi kuma yana tara gishiri, ya kashe ƙasar a hankali. Wanda kuka tara ku zuba shi a ranar, kada ya kwana biyu ya yi wari. Ku zuba a gindin shuka, ba a kan ganye ba.

Dalilin wannan tsanani sananne ne ga duk wanda ya ga shekarar 2021, lokacin da cutar amai da gudawa ta kama fiye da mutum dubu 100 a Nijeriya, ta kashe fiye da 3,000, ta kuma bazu a jihohin Maraɗi da Damagaram da Tawa. Cutar tana bin ruwan da bayan gida ya gurɓata, da abincin da ruwan ya taɓa. Ɗaya daga cikin manyan fa'idodin lambun gida shi ne kun san ruwan da ganyenku ya sha, abin da ba za ku iya rantsuwa a kansa ba game da wanda aka noma a bakin magudanar gari.

Lokacin ban ruwa shi ne bayan asuba, ko bayan la'asar idan rana ta yi sanyi. Ruwan da aka zuba da tsakar rana, iska da rana ne ke raba mafi yawansa. Ku lulluɓe ƙasar da busasshiyar ciyawa, ko ɓawon gyaɗa, ko ƙaiƙayi, kaurin yatsu uku, amma kada ya manne da jikin tushen, saboda gara. Ku sa hannu a ƙarƙashin ciyawar da azahar, ku kuma taɓa ƙasar da ke fili. Bambancin zai gamsar da ku fiye da kowane bayani.

Kai kuma mai bin kasuwanni, wanda Lahadi take samunka a Jibiya, Alhamis a Maigatari, ga dabarar da ta dace da kai. Nemi tulu na yumɓu wanda ba a shafe shi da komai ba, irin mai tsatsafo da ruwa. Binne shi a tsakiyar kwami har wuya, ka shuka alayyafo ko kuɓewa kewaye da shi, tazarar da ba ta wuce kamu guda ba. Cika shi, ka rufe bakinsa da murfi. Ruwan zai riƙa tsatsafowa kai tsaye zuwa saiwa gwargwadon bushewar ƙasar, ba abin da rana za ta ɗauka, kuma sai bayan kwana biyu zuwa huɗu za a sake cikawa. A makon farko dai sai an yayyafa ta sama, har saiwar ta kai ga damshin. Ruwa mai tsabta ake zuba wa tulun, domin mai sabulu ko maiƙo yana toshe ƙofofin yumɓun.

Murfin nan ba ado ba ne. Sauro yana tashi daga ƙwai zuwa mai cizo cikin mako ɗaya zuwa kwana goma a irin wannan zafi, kuma nau'in da ke ɗauke da shawara da zazzaɓin dengi ya fi son ruwan da ke cikin mazubi. Duk duro ko randa ko bokitin da kuka ajiye don lambu a rufe shi, a kuma juye shi a wanke sau ɗaya a mako. Ga kuma masu rarrafe: bokiti mai rabin ruwa ya isa ya halaka yaron da ya leƙa ya faɗa da ka.

Ƙwari, da abin da ya fi ƙwari haɗari

Tunda lambunku shi ne kore kaɗai a unguwa, baƙi za su zo: darɓa a bayan ganyen kuɓewa, tsutsa a alayyafo, fara daga ko'ina. A fili kamar tabarma, hannu ya fi kowane magani. Da sanyin safiya ake kama fara, kuma a nan maganar ba karin magana kaɗai ba ce. Ku juya ganye ku duba bayansa duk bayan kwana biyu, ku tsince tsutsa ku ba kaji, ku cire ganyen da darɓa ta rufe. In abin ya yi yawa, ku daka 'ya'yan dogon yaro, wato darbejiya, bayan an ɓare su, kamar cikin hannu biyu a lita ɗaya ta ruwa. Ku bar shi ya kwana, ku tace da tsumma, ku narka ɗan sabulu kaɗan a ciki, ku yayyafa da yamma har bayan ganye, sau ɗaya a mako. A ajiye shi nesa da yara, domin ba abin sha ba ne, a kuma wanke turmin sosai ko a keɓe masa nasa.

Maganin feshi na kanti kuwa, shawararmu ita ce kada ya shiga lambun da yara ke wasa kusa da shi, ake kuma tsinkar ganyensa kowace rana. Kowane irin wannan magani yana da adadin kwanakin da dole a jira kafin a ci abin da aka fesa, wanda aka ɗura a kwalbar da ba takarda kuwa ba mai iya gaya muku kwanakin. Ku da kuke sayar da shi, nauyi yana wuyanku: kada ku ɗura shi a gorar lemo ko ta ruwan sha, domin ta haka ne yara suke kurɓa. Idan hakan ta faru, kada a ba yaron manja ko madara, kada a sa masa yatsa don ya yi amai. A cire masa rigar da maganin ya taɓa, a wanke fatar da ruwa da sabulu, a garzaya asibiti tare da kwalbar.

Daga kwami zuwa kwano

Uwargida, wannan ɓangare naki ne. Ana iya noma ganye mai kyau a kashe amfaninsa a tukunya. Ki tsinka da safe, ki wanke da ruwa mai tsabta kafin ki yanka, ba bayan kin yanka ba. Ki zuba shi a ƙarshen girki, ya yi 'yan mintuna kaɗan, ya sauka da sauran korensa. Dogon tafasa da zubar da ruwan dahuwa, kamar yadda aka saba yi wa zogale da rama, yana tafiya da wani kaso na amfanin. Ki rage ruwan, ki rage lokacin. Kanwa tana sa yauƙi, tana kashe tsami, amma tana lalata wasu bitamin, don haka a taƙaita ta. Bitamin A ba ya shiga jiki sosai sai da maiƙo, shi ya sa kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli da ɗan man gyaɗa haɗi ne da kakanni suka dace a kansa. Matsa lemun tsami a kai yana taimakon jiki ya ɗauki sinadarin ƙarfe, shayi kuwa yana hanawa, saboda haka mai ciki ta jinkirta shayinta kamar awa guda bayan cin abinci.

Jariri har ya cika wata shida nonon uwa kaɗai yake bukata, ko a zafin Afrilu. Daga wata shida, a dafa ganyen ya yi laushi, a murje shi a cikin kunu ko faten da ake ba shi, da ɗan mai ko tunkuza. Kada a bar yara da romon miya kawai manya su kwashe ganyen. Lambu kuma bai ɗauke zuwa awon ciki da shan ƙwayoyin ƙarin jini ba, haka ɗigon bitamin A da ake ba yara daga wata 6 zuwa shekara 5 duk bayan wata shida. Yaron da ya rame, ko ƙafafunsa suka kumbura, ko tafin hannunsa da cikin fatar idonsa suka yi fari, asibiti za a kai shi a ranar, domin tamowa da ƙarancin jini in sun yi nisa sun wuce abin da miya za ta gyara.

Idan ganye ya fi ƙarfin tukunya, a shanya shi a inuwa, a ɗaki mai iska, a kan tabarma mai tsabta da aka ɗaga daga ƙasa. Rana tana kashe korensa, ta tafi da yawancin bitamin A. A busasshiyar iskar bazara kwana uku ko huɗu sun isa, sannan a zuba a mazubi mai murfi.

Wajen ƙarshen Mayu zuwa Yuni, gwargwadon inda kuke, hadari zai fara haɗuwa, kuma iskar da ke gabansa tana kayar da rumfa da darni. Ku ƙara musu ɗauri tun kafin ta zo. Ruwan farko yakan yi ya ɗauke na mako biyu, don haka kada ku daina ban ruwa saboda shi. Idan damina ta zauna, kwamin da ya taimake ku a bazara zai koma tafki, saiwa ta ruɓe, sauro ya samu gida. Ku fasa gefensa ruwa ya fita, sabuwar shuka kuma a yi ta a kan tudu, a sa kabewa a gindin darni ta hau. Ku bar alayyafo biyu mafiya kyau su yi kai, da kuɓewa uku ko huɗu su bushe a jikin uwarsu. Ku sussuke irin, ku haɗa da ɗan toka, ku ajiye a kwalba mai murfi a wuri mai sanyi, ku rubuta wata da shekara a jikinta.